Kuɗin man motar 'yan sanda: a wuyan unguwa yake ko a wuyan gwamnati?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema kan wata magana da ta raba kan mutanen unguwarmu a nan Kano. Tun da ƙwacen waya da haura gidaje suka yi ƙamari muka kafa kwamitin tsaro. Kowane gida yana ba da naira 1,000 a wata, da ita ake sallamar samarin da ke sintiri da dare, a sayi tocila da usur, a ɗan ba su na shayi. To a zaman da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar isha'i, shugaban kwamiti ya kawo shawarar a ƙara naira 500 a kan kowane gida, a riƙa zuba wa motar sintirin 'yan sandan yankinmu mai, a kuma canza mata tayoyi, saboda sau da yawa in an kira su cikin dare amsar ita ce babu mai. Wasu dattawa sun ce a yi, wasu sun ce wannan cin hanci ne aka sauya wa suna. An tashi ba a tsayar da magana ba. Akwai unguwar da ta taɓa gwada irin wannan? Yaya ta kaya?

Sani_Kwari:
Wa alaikumus salam. Kada ku fara. Mu ne rijiyar burtsatse, mu ne taransifoma in ta ƙone, mu ne kwalbati, yanzu kuma mu ne man 'yan sanda? To harajin da ake karɓa a hannunmu a kasuwa na mene ne? Ranar da kuka zuba man farko, ranar ya zama wajibi a kanku. Watan da ba ku bayar ba, ko ƙurar motar ba za ku gani ba.

Tsohon_Saje:
Alhaji Sani ban ga laifinka ba, amma bari wanda ya kwana a caji ofis ya ce wani abu. Na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya ina saje. Abin da ke isowa ofishin yanki don gudanar da aiki ba ya kaiwa ko'ina tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, balle yanzu. Takardar da za a rubuta bayanin mai ƙara, fayil, man janareto, abincin wanda ke bayan kanta, kai wanda ake tuhuma kotu, duk sai an yi dabara. Wannan dabarar ce take komawa kan direba a bakin titi, da kan uban da ya zo belin ɗansa a ƙarƙashin takardar da aka manna a bango cewa beli kyauta ne. Ba wanke kowa nake ba, akwai masu son zuciya a cikinmu waɗanda ko an cika musu tanki sai sun miƙa hannu. Amma akwai kuma kurtun da zai so ya fito in an kira, motar ce ba ta tashi.

Shawarata ga Baban Ilham, in za ku yi, kada ku damƙa wa kowa kuɗi a hannu, ko DPO ne, wato shugaban ofishin 'yan sandan yanki. Ku shirya da gidan mai guda ɗaya, motar ta je ta sha, direba ya sa hannu a littafi, ma'ajinku ya biya a ƙarshen wata ya karɓi rasit. Taya kuma ku saya da kanku ku kai, a gaban mai unguwa da limamin masallaci. Kuɗin da ya shiga aljihu cikin duhu ba ya zama mai.

Ummu_Khalil:
Ni damuwata ba mai ba ce Baba Saje. Sirri ne. An ƙwace wa ƙanwata waya a bakin layinmu da magariba, suka yanke ta a hannu. Mun san yaran, duk layin an san su, an san gidan da suke taruwa suna shaye-shaye. Maigidana ya je ya ba da bayani a asirce, ya ambaci sunaye. Ba a daɗe ba uwar ɗaya daga cikin yaran ta zo har tsakar gidana tana faɗa mini magana, ta maimaita abin da ya faɗa a can kalma bayan kalma. Daga baya aka riƙa jifan ƙofarmu da dare. Tun daga nan ko kisa aka yi a gabansa ya ce ba zai sake buɗe baki ba, ni ma ban ba shi shawarar ya buɗe ba. Ku cika tankin motar har ya zuba, in mutane suna tsoron magana ina za ta nufa?

Maman_Twins:
Wallahi haka yake Ummu Khalil. Mu mata mu muke wuni a gida, mu muka san wanda ya shigo layi da wanda ya fita, amma ba a kiranmu zaman kwamiti, kuma ba mu da inda za mu kai magana ba tare da ta dawo mana ba.

Barista_Nura:
Bari in ɗan taɓo ɓangaren doka, don maganar tana da tushe fiye da yadda ake zato. Haɗin gwiwar jama'a da 'yan sanda ba sabon abu ba ne. Kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, tun 1984 aka kafa shi, kuma ana sa ran kowane ofishin yanki yana da nasa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Satumban shekarar, ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma a jihohi da yankuna. Saboda haka taimaka wa ofishin yankinku da kayan aiki a fili, ta hannun kwamiti, ba laifi ba ne. Legas ma tun 2007 ta kafa asusun tsaro da kamfanoni da attajirai ke zuba kuɗi, ana sayen motoci da kayan aiki, tarayya kuma ta yi dokar asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019.

Inda nake jin tsoro shi ne abin da na sha gani a kotu. Wanda ke zuba mai yakan fara ganin motar tasa ce. Gobe shugaban kwamiti ya samu saɓani da ɗan hayarsa, ko wani ya ci bashinsa, sai ya ɗaga waya a zo a ɗauke mutum, alhali doka ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ko ɗan mai ba da kaso mafi tsoka ya shiga cikin 'yan daba, a kama shi da safe, kafin azahar yana gida. Talakan da ya matse ya ba da 500 ɗinsa shi ne zai fara gane cewa ba a daidai suke ba. In har za a yi, a rubuta a takarda cewa gudunmawar ta unguwa ce baki ɗaya, ba sunan kowa a kai, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata.

Sannan ku ja kunnen samarinku. Doka ta ba kowane ɗan ƙasa damar kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma sharaɗin shi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta ba su damar ɗaure mutum a ofishinsu ya kwana ba, ba ta ba su damar duka don ya amsa laifi ba. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma ta hau kan kowa.

Dan_Funtua:
Ku mutanen birni Allah ya ba ku lafiya, kuna maganar waya. Mu nan kudancin Katsina maganar rai ake. Akwai ƙauyukan da ofishin 'yan sanda mafi kusa sai ka yi tafiya mai nisa a babur, a kan hanyar da ita kanta ba a bin ta bayan la'asar. Da gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, matasa kusan 1,500 a rukunin farko, abin da ya sa mutane suka karɓe su shi ne 'ya'yan yankin ne. Sun san daji, sun san hanyar da ɓarayi ke bi su sauko, sun san wanda ya kwana ba shi da ko sisi ya wayi gari da sabon babur. Ɗan sandan da aka turo daga wata jiha, ko Hausa ba ya ji sosai, yaya zai san wannan? Ban ce an gama da matsalar ba, har yanzu ana kai hari ana ɗaukar mutane, kuma yaran nan da yawa sun rasa rayukansu. Amma ni in aka ce in ba da kuɗi, ɗan garinmu zan ba wa kafin in ba baƙo.

Tsohon_Saje:
Ɗan Funtua, da ɗan gari akan ci gari. Infoman da ke kai wa ɓarayin daji labari, da mai kai musu fetur da burodi, su ma 'yan garin ne. Sanin gari makami ne, ya danganta da hannun da ya riƙe shi.

Jauro_Bello:
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba, amma yau dole in ce wani abu. Ni Bafulatani ne, an haife ni a ruga, yanzu ina zaune a gari ina sana'ar dabbobi. Duk lokacin da na ji an ce a bar 'yan gari su tsare garinsu, gabana faɗuwa yake, don na san yadda abin ya kasance a wajenmu. 'Yan sa-kai sun tare mutane a hanyar kasuwa, ba a tambaye su komai ba sai kamanninsu. Kawuna dattijo ne, ɓarayi sun kore masa shanu tun farko, daga baya kuma 'yan sa-kai suka ƙone rugarsa suka ce iri ɗaya ne. Ya rasa a hannun waɗannan, ya rasa a hannun waɗancan. Yaran da suka ga an yi wa iyayensu haka, wasunsu daji suka shiga, kuma ba ina ba su uzuri ba ne, abin da suke yi ta'addanci ne, Allah zai tambaye su. Amma ba banza gwamnatocin Zamfara da Sakkwato suka taɓa haramta ayyukan 'yan sa-kai ba. Ɗan sanda duk lalacewarsa yana da lamba a ƙirji, yana da ofis, yana da na gaba da shi da za ka kai ƙara. Wanda ya rufe fuska ya zo da adda da bindigar gida, wurin wa za ka kai ƙararsa?

Bazamfare_Tsafe:
Jauro, Allah shi jiƙan waɗanda anka zalunta, ban musanta ba an yi ɓarna. Amma ka faɗi abin da ya haifi 'yan sa-kai. Mutane sun kai kuka har sun gaji, ana kore musu shanun noma, ana ɗaukar matansu, ana sa ma ƙauye haraji kafin a bar su su girbe abin da sunka shuka. Ba wanda ya zo. Mutum ya zauna a yanka shi gaban ɗiyanai? Askarawan da gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024, sama da mutum 2,600, ai don a maida abin ƙarƙashin hukuma ne anka yi su, a ba su horo da kaki da albashi. Ko su ɗin ana kawo ƙorafi kansu wani lokaci, amma aƙalla yanzu akwai wanda za a tuhuma.

Jauro_Bello:
To ai maganata ke nan ɗan'uwa. A san sunan kowa, a san wanda yake ba shi umarni. Kuma in za a ɗauki 'yan yanki, a ɗauka har da namu, don mu ma 'yan yankin ne.

Admin_Zaure:
Jama'a a ci gaba da tattaunawa cikin mutunci kamar yadda Jauro da Bazamfare suka yi. Na goge saƙonni biyu da suka zagi ƙabila. Duk wanda ya maimaita zan fitar da shi.

Malam_Habu_Tarihi:
Maganar Jauro ta tuna mini abin da iyayenmu suka gani. Arewa ta taɓa yin 'yan sandan gida. Sarakuna suna da dogarai tun kafin zuwan Turawa, a zamanin En'e kuma aka yi 'yan doka, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar gargajiya, 'yan ƙasar ne, sun san kowa. Ta fuskar kama ɓarawo dattawa har gobe suna yaba musu, domin baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba, shi ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Amma ku tambayi tsofaffin 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU abin da suka sha a hannun 'yan doka a shekarun 1950 zuwa farkon 1960. Ana kama mutum don ya halarci taron jam'iyya, a kai shi gaban alƙali, kafin rana ta faɗi yana gidan yari. Wannan na cikin dalilan da suka sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Najeriya, kuma tsarin mulkin 1999 a sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Masu kiran a yi 'yan sandan jihohi suna da hujja mai ƙarfi, ni ma ina ganin Abuja ta yi nisa da Ɗansadau ta jihar Zamfara. Sai dai duk wanda zai yi wannan kira ya fara amsa tambayar wa zai hana gwamna yin abin da aka yi wa 'yan NEPU.

Abin da na fi baƙin cikin rasawa shi ne wancan tsari na mai unguwa. Yau mutum zai kama haya a layi, dillali ya karɓi la'adarsa, ba wanda ya san daga ina ya zo ko me yake yi. Wannan ba ya buƙatar ko lita ɗaya ta mai.

Sani_Kwari:
Malam Habu ka faɗi gaskiya kan 'yan haya. Amma ina nan kan bakata game da kuɗin. A 2020 an sanar cewa gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don fara wannan shiri na 'yan sandan al'umma. Aka ɗebi matasa aka ba su horo da kaki a matsayin kwansitabulari. A 2022 muka ga wasunsu a Ilorin da Osogbo sun fito zanga-zanga suna cewa ba a biyansu, hukuma ta ce ai aikin sa-kai ne, babu albashi. Ka ba matashi kaki, ka tsayar da shi a titi, ka ce babu albashi, me kake so ya ci? In biliyoyi ba su sa mota ta tashi ba, 500 ɗin Baban Ilham ce za ta sa?

Yerwa_Modu:
Daga Maiduguri nake. Ina so in ba Ummu Khalil amsa, don abin da ta faɗa shi ne ainihin abin da muka rayu a ciki. Kafin 2013 kowa a unguwa ya san waɗanda ke cikin Boko Haram, amma ba mai iya faɗa, don in ka faɗa da rana, da dare za a zo gidanka. Sojoji kuma da yake ba su san kowa ba, in an kai musu hari sai su kwashe samarin layi gaba ɗaya. Muna tsakanin wuta biyu. Abin da ya sauya lamarin shi ne lokacin da samari suka fito da yawa a lokaci guda, da gora da adda, waɗanda aka riƙa kira 'yan ƙato da gora, suka fara nuna su ɗaya bayan ɗaya. Da mutum ɗaya ne ya yi da an kashe shi, amma da unguwa ta tashi gaba ɗaya sai tsoron ya koma ɗaya ɓangaren. Cikin watanni aka fatattake su daga cikin gari. Gwamnatin Kashim Shettima ta ɗauki wasu ta ba su horo da alawus.

Ba zan ɓoye ba, daga baya an samu waɗanda ƙarfi ya ruɗe su, aka yi ta ƙorafin cin zarafi, aka kuma samu ƙananan yara a cikinsu har sai da aka yi yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 aka fara cire su. Amma darasin da na ɗauka, kada a bar mutum ɗaya ya kai suna. Kwamiti ya kai, da sunan unguwa.

Ummu_Khalil:
Na gode Malam Modu. Da haka aka yi da ba a san maigidana ba. Amma fa a cikin kwamitin namu akwai wanda ɗan ƙaninsa yana cikin yaran. To ka ga inda gizo ke saƙar.

Auwal_Sintiri:
Salam iyayena da yayyena. Ni ina cikin masu fita sintiri a unguwarmu, ba unguwar Baban Ilham ba amma duk tafiyar ɗaya ce. Da rana ina gyaran babur, da dare in fita. Ina so ku san yadda abin yake a wajenmu. In muka kama yaro da wuƙa ko ɗan buda ƙarfe biyun dare, mutane suna fitowa kowa da sanda, mu ne muke tare su kada a kashe shi. Mu kira 'yan sanda, in motar ta zo cikin lokaci shi ke nan, an tsira. In ba ta zo ba, ko dai jama'a su fi ƙarfinmu, ko abokansa su taru su dawo ƙwatarsa. Ba mu da ankwa, ba mu da ɗakin ajiye mutum, kuma Barista ya ce doka ma ba ta ba mu ba. Saboda haka ni a wurina man motar nan ba alfarma ce ga 'yan sanda ba, kariya ce gare mu da ma shi wanda aka kama.

Abin da ke karya mana gwiwa shi ne mu kai yaro da kayan sata a hannunsa, bayan kwana kaɗan mu gan shi a bakin layi yana nuna mu da yatsa. In an bi diddigi sai a ga mai kayan ne ya ƙi zuwa ba da shaida, ko iyayen yaron sun bi ta wajen wani babba. Mu kuma da muka kama shi mu ne abokan gabarsa har abada.

Barista_Nura:
Auwal, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo abin da mutane ba sa so a faɗa. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. In mai ƙara ya ce shi dai an dawo masa da wayarsa ya yafe, shaida kuma ya ce ba ya son shiga uku, ɗan sanda ba shi da abin da zai riƙe yaron da shi. Sai a sake shi, unguwa ta ce an ci kuɗi. Wani lokacin an ci ɗin, wani lokacin kuma mu ne muka gudu daga shari'ar. Goyon bayan da ya fi mai tsada shi ne mutum ya yarda ya tsaya gaban alƙali, kwamiti kuma ya raka shi, ya biya masa kuɗin mota, kada a bar shi shi kaɗai.

Hajiya_Bunkure:
Duk wanda zai ba 'yan sintiri ƙarfi ya tuna da Uromi. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 'yan Arewa, akasarinsu daga nan yankinmu, suna hanyar dawowa gida yin sallah daga jihar Ribas, 'yan bangan garin suka tare motarsu a jihar Edo, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, jama'a suka taru aka kashe su aka ƙone. Su ma waɗancan a ganinsu garinsu suke tsarewa. Har yau akwai marayu da zawarawa a ƙauyukanmu saboda wannan. In mun ji zafin abin da aka yi wa namu a can, kada mu yarda a yi wa baƙo irinsa a layinmu don an yi ihun ɓarawo.

Dan_Funtua:
Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Wannan gaskiya ne Hajiya.

Injiniya_Kabir:
Tambaya ga Baba Saje. 'Yan sandan ƙasar nan ba su kai 400,000 ba, mutane kuma sun haura miliyan 200, sannan wani kaso mai yawa yana gadin manya da rakiyar matansu, duk da an sha ba da umarnin a janye su. Ofishin yanki ɗaya yana kula da unguwanni da yawa. In unguwar Baban Ilham ta zuba mai, motar za ta tsaya a unguwarsu ne kawai? In an kira daga unguwar da ba ta biya ba fa, a ƙi zuwa? In kuma an je da man su Baban Ilham, su yarda?

Tsohon_Saje:
Injiniya, motar ta yanki ce gaba ɗaya, ba DPO mai hankali da zai ce ba ya zuwa inda ba a biya ba, kuma bai kamata ku nemi haka ba. Shi ya sa ya fi kyau a bi ta PCRC na yankin, duk masu unguwanni su zauna tare da hakimi ko wakilinsa, a raba nauyin, masu gidajen mai da manyan shaguna da makarantun kuɗi su ɗauki kaso mafi girma. Abin da za ku nema a madadin gudunmawarku shi ne lambar waya da ake ɗauka da dare, da zama da DPO duk wata a gaban jama'a, inda Ummu Khalil ko wakiliyarta za ta iya tashi ta ce an fallasa sirrinmu, wa ya yi? Na ga DPO da ya sauya wa ɗan sanda wurin aiki saboda irin wannan zama. Na kuma ga wanda ko zuwa ba ya yi.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka, na kuma karanta wa shugaban kwamitinmu wasu a waya. An sake zama jiya. An amince ba za a ba kowa kuɗi a hannu ba, kuma mai unguwa zai nemi ganin DPO tare da sauran masu unguwannin da ke maƙwabtaka da mu. Na kawo maganar Maman Twins, liman ya goyi baya a sa mata biyu a kwamiti, malamar Islamiyya da wata ungozoma da kowa ke girmamawa, duk da wasu dattawan ba su sake da abin ba. Inda aka cije shi ne ƙarin 500 ɗin. Gidajen haya masu ɗaki-ɗaki sun ce ba za a lissafa su daidai da mai gidan sama da mota uku ba, akwai kuma gidajen marayu da ko 1,000 ɗin ma da ƙyar suke haɗawa. Masu hali kuma biyu sun ce su za su ɗauki man gaba ɗaya, a bar talakawa. Nan na tuna gargaɗin Barista, na ce a dakata tukuna.

Sani_Kwari:
Gara da ka ce a dakata. Mutum biyu su riƙe man mota, sun riƙe motar ke nan. Ni har yanzu ina ganin kafin ku cire ko kwabo ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku na jiha takarda, masu unguwanni su sa hannu. Lokacin zaɓe sun san hanyar layinku.

Maman_Twins:
Alhamdu lillahi da aka sa mata. Amma a ba su damar magana, kada a ajiye su a bayan taro don a ce an sa.

Auwal_Sintiri:
Baban Ilham, in kun koma zama don Allah ku saka wannan a ciki. Wani abokin aikinmu an sare shi a kafaɗa wajen raba faɗan daba, mu muka yi karo-karo a tsakaninmu muka biya asibiti, wata guda bai iya ɗaga hannu ya yi sana'arsa ba, yana da mata da yara biyu. Kwamitinmu ya ce babu wannan a lissafi. Kafin a kai ga tayar mota, a ware wani abu don ranar da aka ji wa ɗayanmu ciwo. Ku a naku tsarin wa ke biya in haka ta faru?